Nea Lambi Mai Kashe Ƙuma

A unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Giurgiu, in ka tambayi gidan Haralambie Dobrin sai an tsaya ana sosa ƙeya. Amma ka ce nea Lambi, wato kawu Lambi, mai kashe ƙuma, nan take za a nuna maka hawan ƙarshe na benen da ke kallon kogi. Ba ƙumar kare ake nufi ba, ba kuma ta katifa ba. Ƙumar talabijin ce, ɗigo-ɗigon nan baƙi da fari da ke tsalle a kan gilashi har su cinye fuskar mai magana. Haka muke kiransu tun ranar da talabijin ya shigo garin, kuma ba wanda ya tsane su kamar nea Lambi.

Asalin sana'arsa walda ce, a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ga murya kamar yana magana da wanda ke wancan ƙetaren. A zamanin da yake da ƙarfinsa, tashar gwamnati ba ta buɗewa sai ɗan lokaci da yamma, abin da ke cikinta kuma jawabi ne da waƙoƙin yabo, sai wani jawabin. Alhali ga Bulgeriya can, ruwan Danube ne kawai tsakaninmu, suna nuna ƙwallo da finafinai son ransu. Wannan abu ya tsaya wa Lambi a rai. Wata Lahadi matarsa Aurica ta dawo daga coci ta tarar labulen falo a ƙasa, sandunan da ake rataye shi sun yi ɓatan dabo. Suna saman rufi, an yanka su, an jera, an ɗaure a kan bututun ruwa suna fuskantar kudu, sun zama eriya. Ta yi kwanaki ba ta ce masa ci kanka ba, har sai da ta ga wata mata tana rawa da doguwar riga a cikin akwatin nasu. Daga nan ita da kanta ta miƙa masa murfin tukunyar da ya daɗe yana zagayawa don ya ƙara a jikin eriyar.

Kafin shekara ta zagayo babu rufin da bai taka ba a unguwar. Ba ya karɓar komai sai kwalbar kokwamba mai tsami ko ɗan kofin tsuika, barasar da kowa ke dafawa a ƙauyen iyayensa. Shi dai a bar shi da sandunansa da iska.

Juya eriya kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin wanda ke kan rufi ba ya ganin gilashi, wanda ke gaban gilashi kuma ba ya jin na kan rufi. Saboda haka a benensu kowa da wurin tsayuwarsa. Aurica a gaban talabijin. Tanti Profira, wato gwaggo Profira, maƙwabciyarsu mai ɗinki, a bakin matakala. Pamfil mai aski a kan tsani, kansa a waje ta ƙofar rufi. Aurica ta ce hagu, Profira ta kwarara hagu, Pamfil kuma, da yake an haife shi da neman magana, ya ɗaga kai ya ce dama. Sai an yi ta juyi har Aurica ta leƙo ta taga ta zage su duka biyun, sannan hoto ya fito. Falon nan ya cika maƙil, wasu a kujera wasu a ƙasa, ana kallon fim cikin harshen da ba mai ji sosai, kowa yana fassara wa na kusa da shi abin da ya ga dama.

A irin wannan zama ne ya ɗaure kansa da bakinsa. Ana nuna wani tsohon fim na wata dattijuwa da ɗanta masunci ya shiga kogi bai dawo ba, ita kuma kullum tana zuwa bakin ruwa da abincinsa. Falon ya yi tsit, har Pamfil ya rufe baki. Ana dab da ƙarshe iska ta taso daga kogi ta murɗe eriya, ƙuma ta rufe gilashin ruf. Kafin Lambi ya kai rufi an gama. Profira ta fashe da kuka don takaici, Pamfil ya ce ai ƙumar ce ta fi kowa iya wasa a fim ɗin. Lambi ya sauko yana huci, ya tsaya a tsakiyar falo ya dafa ƙirji.

"Ku shaida," in ji shi. "Kafin a sa ni a rami sai na nuna muku wannan fim ɗin daga farko har ƙarshe, a nan falon, ba ƙuma ko ƙwaya ɗaya."

Aka yi dariya aka watse. Shi bai yi ba.

Zamani ya juya. Gwamnatin ta tafi da jawabanta, tashoshi suka yi yawa har ba mai iya ƙirga su, aka ja waya gida-gida. Eriyoyin da ya ƙera suka yi tsatsa, masu gwangwan suka kwashe. Ta gidansa kaɗai ta rage, domin duk bazara sai ya hau ya kankare ta ya shafa mata fenti. Aurica ta rasu. 'Yarsu Smaranda ta koma Bukarest tana aikin jinya. Fim ɗin nan kuwa ko sau ɗaya bai sake gilmawa ba, duk da Lambi ya bi tashoshin nan kamar mai neman akuyar da ta ɓace. Pamfil, wanda yanzu sai da sanda, bai taɓa haɗuwa da shi a matakala ya fasa tambaya ba.

"Lambi, yaushe ne? Ka yi sauri fa, likita ya ce idona ɗaya ya rage."

"Ka riƙe ɗayan da kyau, tsohon banza. Da shi za ka ga abin da zai rufe maka baki."

Wasa ne a bakin Pamfil. A zuciyar Lambi bashi ne na magana, kuma yana jin nauyinsa duk lokacin da gwiwarsa ta yi ƙara a kan matakala.

Ana saura kwana kaɗan ranar waliyyin da ya ci sunansa, a tsakiyar sanyin Fabrairu, sai ga Smaranda da wasu ƙarti biyu suna hawa da kwali kamar ƙyauren ɗaki. Sabon talabijin ne, siriri, da na'urar faifai. Da ƙartin suka tafi ta zaro wani ɗan faifai daga jaka ta ɗora masa a tafin hannu. Ya kai shi kusa da taga ya duba hoton da ke jikin kwalinsa. Dattijuwa ce a bakin ruwa, da ƙunshi a hannu.

"An samo asalin fim ɗin an sake ɗaukarsa da sabuwar na'ura," in ji Smaranda. "Sun ce har gashin ido za ka ƙirga."

Lambi bai san sanda ya rungume ta ya ɗaga ta sama ba, mace mai jika a hanya. Ya dire ta, ya buɗe ƙofa, ya kwarara kira a matakala har karen hawa na biyu ya amsa.

"Profira! Pamfil! Ranar sunana, bayan coci, kowa ya zo da idonsa!"

Ya ƙi yarda a gwada. Ya ce tare aka rasa ƙarshen fim ɗin, tare za a gan shi. Abu ɗaya ya nace a kai, sai an soka wayar eriyarsa a bayan sabon talabijin.

"Baba, faifai ba ruwansa da eriya."

"Talabijin ne ko ba talabijin ba ne? To soka."

"Kuma mai shagon ya ce in gaya maka, tsofaffin finafinai suna da wani ɗan..."

"Mai shagon nan an haife shi lokacin da nake kan rufi? Soka, 'yar nan."

Ta soka. Duk wanda ya tashi a gidan nan ya san inda gardama da Lambi take ƙarewa.

Ranar ta zo da rana fes da sanyi mai yanka kunne, dusar ƙanƙarar da ta narke jiya ta daskare ta zama gilashi. Tun da safe yake kai da kawo. Ya sa kwat ɗin da ya sa ranar bikin Smaranda da laktaye, ya goge gilashin talabijin sau ba adadi, ya jera kujeru, ya sake jera su. Smaranda ta dafa sarmale cike da tukunya, naman nan da ake naɗewa a ganyen kabeji, ƙamshi ya sauka har ƙofar titi. Profira ta iso da kek a faranti da sabon tabarau. Pamfil ya iso yana haki yana cewa in fim ɗin bai yi kyau ba sai an biya shi hawan bene. Sauran tsofaffin benen da suka rage suka shigo, aka sumbaci mai gida kunci biyu, aka yi masa fatan shekaru masu yawa, aka ɗaga kofuna.

Lambi ya tsaya gaban talabijin zai yi jawabi. Sai kawai ya ɗaga wa Smaranda hannu.

Kogin ya bayyana.

"Wayyo Allah!" in ji Profira, ta dafe ƙirji.

Ga ciyawar bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ga igiyar kwalekwale da zarenta. Ga wani tsuntsu can nesa da ba wanda ya taɓa sanin yana cikin fim ɗin. Falon ya kaure, wannan na nuna wancan, wancan na cewa duba ƙusar jikin katako. Lambi kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Yana dariya, yana bugun cinyar Pamfil, yana cewa, "Ka gani? Ka gani, ɗan aski?"

Sai hoton ya ɗaga zuwa sama, fili fari ba komai a cikinsa. A nan ne idon Lambi ya kama su. Ƙanana ne ƙwarai, kamar tsakin da ke saura a rariya, amma suna nan, suna motsi, sun cika sararin daga wannan gefe zuwa wancan. Dariyarsa ta tsaya. Ya yi addu'a a ransa kada kowa ya lura, amma Pamfil mai ido ɗaya ya riga ya miƙa wuya.

"Lambi," ya ce a hankali, cikin jin daɗi, "ga danginka nan sun zo taya ka murnar suna."

Lambi ya miƙe. Ya cire kwat, ya naɗe hannun riga.

"Baba, zauna," in ji Smaranda. "Abin da nake son gaya maka ke nan. Ba ƙuma ba ce. A jikin fim ɗin take, haka aka ɗauke shi."

"Duk ƙuma daga sama take saukowa. Iskar jiya ce ta taɓa min eriya."

"Faifai ne fa! Ko ka cire eriyar ka jefa a kogi..."

"Pamfil, tsani. Profira, matakala. Ke kuma tsaya inda uwarki take tsayawa."

Abin mamaki, suka tashi. Tsofaffin da sai an kama su suke miƙewa daga kujera suka yi zumbur kamar an kira sunansu a makaranta. Profira ta ajiye faranti ta gyara tsayuwa a bakin matakala, idonta na ƙyalli. Pamfil ya jingine sanda, ya kama tsani, ya hau taki biyu yana cewa shi fa in ya faɗo Lambi ne zai auri matarsa. Kafin Smaranda ta kai ƙofa, ƙafafun ubanta sun shige ta ƙofar rufi, iska mai sanyi ta kwararo cikin bene.

A sama Lambi ya ji kansa kamar ɗan shekara talatin. Ga kogi shimfiɗe, ga Bulgeriya can tana hayaƙi, ga sandunansa na sheƙi a rana. Rufin santsi ne tsantsa, sai da ya ja gwiwa ya kai ga bututun. Ya rungume shi, ya murɗa.

"Yaya?" ya kwarara.

"Yana tambaya yaya!" in ji Pamfil.

"Yaya, Smaranda?" in ji Profira.

"Ku ce masa ya sauko!"

"Ta ce tana nan!" in ji Profira.

"Ta ce dama!" in ji Pamfil.

Ya juya dama. Ya juya hagu. Ya ɗaga, ya karkata, ya buga bututun da tafin hannu. Falon kuwa an koma zamanin da, masu zama suna ihu suna ba da shawara, wata na cewa ta ga kamar ta ragu, wani na cewa ƙaruwa ta yi. Smaranda tana tsaye da rimot a hannu, haushi da dariya da tsoro duk sun haɗe mata. Sai ta ji wani sululu a saman silin, da ƙarar ƙarfe, sannan shiru.

"Ba komai!" muryar ta sauko daga nesa. "Takalmi ne ya zame!"

Ta san ba zai sauko ba sai an ce ya yi, ko da zai kwana a can ya daskare. Ta shiga cikin saitin talabijin, ta lalubo wurin da mai shago ya nuna mata, wanda ke goge irin wannan tsakin, ta tura shi har ƙarshe. Sararin ya kwanta lumui kamar madara a kwano.

Ba ita ta fara faɗa ba. Falon ne gaba ɗaya ya ɗauka.

"Ya yi!"

"Ya yi, Pamfil, ya yi!" Profira tana tsalle a bakin matakala, mace mai ciwon baya.

Pamfil ya ɗaga kai ta ƙofar rufi, kuma karo na farko a rayuwarsa ya isar da saƙo yadda aka ba shi.

"Lambi, ɗan jaraba, kada ka taɓa! Ya yi!"

Ya sauko da ƙanƙara a gira, gwiwar wandonsa a yage, tafin hannu na jini, bakinsa har kunne. Aka yi masa tafi. Profira ta rungume shi tana kuka. Pamfil ya kama kansa da hannu biyu ya sumbaci goshinsa, ya ce a gaban kowa ya janye duk abin da ya taɓa faɗa, ban da wanda ya faɗa a kan hancinsa. Aka cika masa kofi. Smaranda ta ɗaure masa hannu ba ta kalle shi ba, ta mayar da fim ɗin farko.

Lambi ya zauna a kujerar tsakiya yana numfashi. Ya duba sama a hoton, tas. Ya duba ruwa, tas. Abin da ya yi rabin rayuwarsa yana jira ke nan, ga shi, ga shaidunsa a zaune. Daɗi ya cika shi har yana jin bugun zuciyarsa a kunne.

Sai dattijuwar ta shigo, hoton ya matso kan fuskarta.

Ya ɗan karkata kai. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ɗazu, kafin ya hau, ya ga gefen wannan fuskar, ya ga tamoji a goshinta da zaren ulu a gyalenta. Yanzu goshin sumul yake. Kuncin na sheƙi kamar kyandir. Gyalen ya zama shafi ɗaya na toka-toka. Tana magana, baki na motsi, amma sauran fuskar ba ta bin bakin.

Ya taɓa ganin irin wannan fuska sau ɗaya. Ranar da aka kawo Aurica coci a buɗaɗɗen akwati, masu shirya gawa sun shafe ta da hoda har layin nan biyu da ke tsakanin girarta, waɗanda shi ne sanadinsu, sun ɓace. Kowa ya ce ta yi kyau kamar amarya. Shi kuwa ya tsaya a kanta yana neman matarsa.

Ya waiwaya. Kowa na kallo cikin jin daɗi, ba wanda ya ga komai. Smaranda kaɗai ke kallonsa, idonta na roƙonsa ya yi shiru ya karɓi abin da aka ba shi. Ya gane duka a lokacin. Kuma ya san in ya kama bakinsa, har a binne shi unguwar nan za ta riƙa ba da labarin ranar da nea Lambi ya hau rufi a kan ƙanƙara ya kashe ƙumar ƙarshe. Yana son wannan labarin. Yana son sa ƙwarai.

"Smaranda," ya ce. "Me kika taɓa?"

"Baba, kalli fim ɗinka."

"Mayar wa matar nan da fuskarta."

Pamfil ya dubi wannan ya dubi wancan.

"Ba ni na yi ba," in ji Lambi, da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji. "Ni dai na hau na yaga wando. Ita ta danna wani abu don in sauko. Mayar, 'yar nan."

Ta danna. Tsakin ya dawo, yana ta motsinsa a hankali, tare da shi kuma tamojin ya dawo, da ɗan gashin da ke haɓar dattijuwar, da jijiyar da ke rawa a ƙasan idonta, da laimar da ta taru a bakin fatar ido ba ta zubo ba. Profira ta ja numfashi ta ce, "Ashe haka take."

Lambi ya ja kujerarsa har gwiwarsa ta kusa taɓa gilashi. Ƙumar da ya sani takan tsaya tsakaninsa da mutum, ta rufe shi. Wannan ba ta rufe komai ba. Inda kunci ya yi haske tana da haske, inda ido ya yi duhu tana da duhu.

"Mai shagon naki, me ya ce wannan?"

"Ya ce ƙwayoyin azurfa ne, Baba, a jikin ledar da aka ɗauki fim ɗin. Su haske ya taɓa ranar. Da su aka yi hoton."

"Su suka ga matar nan da idonsu ke nan."

"Kusan haka."

"Kai!" Ya bugi gwiwarsa da hannun ciwon bai ji zafi ba. "Pamfil, matso da idon nan naka. Matso mana! Duba nan, gefen hancinta. Ka ga yadda suke yi?"

Pamfil ya matso, Profira ta matso, kawuna suka haɗu a gaban gilashi, Lambi na nunawa da yatsa yana bayani kamar shi ya ƙera su. Sai da aka natsa, kowa ya koma mazauninsa, sannan ya yi gyaran murya bai juyo ba.

"Alkawarin nan da na yi muku," ya ce, "ba zan cika shi ba."

Pamfil ya mayar da idonsa ɗaya kan gilashi.

"Yi mana shiru, Lambi," in ji Profira. "An kusa wurin."

Ya miƙa hannu bayan talabijin ya lalubo wayar eriyarsa, ya zare ta. Hoton ko gezau bai yi ba. Ya koma ya zauna da bakin wayar a tafin hannunsa, yana riƙe da ita, dattijuwar kuma ta ɗauki ƙunshinta ta nufi bakin ruwa.